Kafin ka cire kafireta ka sa injekta

Ka tambaye ni ko tsohuwar Hilux ɗin nan mai injin 22R za a iya cire mata kafireta a sa injekta, tunda mai ita yana ta kukan shan mai. Ana iyawa, ɗana. Sai dai aikin ba a saman inji yake farawa ba, daga tanki yake farawa, kuma nan ne yawancin masu yinsa suke faɗuwa.

Kafireta tsotso take yi. Iskar da inji yake ja ita ce take ɗauko mai, don haka ɗan famfon da ke jikin inji, mai turawa da matsin da bai kai rabin "ba" ɗaya ba ("ba" shi ne bar, awon matsi), ya ishe ta. Injekta kuwa feshi take yi, tana son kusan ba 3. Wannan bambancin kaɗai ya jawo maka famfon lantarki, da filtar ƙarfe, da tiyo mai ɗaukar matsi, da bututu na biyu da zai mayar da rarar mai tanki. Kada ka kuskura ka bar tsohon tiyon kafireta a layin nan don ya yi maka kyau a ido. Ranar da ya tsage, fetur zai yi feshi a kan salansa mai zafi, mota kuma ta kama wuta da mutane a ciki. Tankin ma ka duba shi. Na kafireta sau da yawa ba shi da ɗan kwanon da ke riƙe mai a gindin famfo, sai mota ta sha kwana da ɗan mai kaɗan, famfo ya ja iska, inji ya yi tari ya mutu.

Sai birenbos, wato kwamfutar inji. Shi ke lissafin yawan man da za a fesa, yana neman awo 14.7 na iska a kan awo ɗaya na fetur, a nauyi. Amma makaho ne, abin da sensa ta gaya masa da shi yake aiki: ta zafin ruwa, ta totur, ta awon iska, da ta hayaƙi wadda sai ka huda salansa an yi mata mazauni da walda. Idan sensar ruwa ta ce inji da sanyi alhali ya yi zafi, zai ta zuba mai, filogi su yi baƙi, mai mota ya dawo yana cewa gara jiya da yau.

Shawarata, kada ka yi tsince-tsince. Toyota da kanta ta yi ɗan'uwan injin nan mai injekta, 22R-E. Ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka ka nemi kayansa duka daga mota guda: manifol da nozul masu fesa mai, dilko mai raba wuta ga filogi da koyil, birenbos, da wayoyinsa ba a yanke soket ko ɗaya ba. Ka kula da shekara, domin a 1985 an sauya kan injin da bulok ɗinsa, kayan kafin nan da na bayan nan ba duka suke shiga juna ba. Ramin tsohon famfo kuma a toshe shi da faranti da gasket.

Ga wani abu da nake so ka gani da idonka. A cikin akwatin awon iska na 22R-E akwai ɗan murfi da iska ke turawa. Idan ya buɗe, shi ke ba rile, wato ɗan makunnin lantarki, izinin ci gaba da kunna famfo. Inji na mutuwa, famfo ya tsaya. Sa yatsa ka tura shi makulli na kunne, za ka ji famfo ya yi ƙara. Wasu rewaya sukan tsallake wannan su haɗa famfo kai tsaye da makulli don sauƙi. A garejina ban yarda ba. In aka yi hatsari, famfo zai ci gaba da kwararo mai.

Ka san a garin nan akasin haka aka fi yi, a cire wa mota injekta a ɗaura mata kafireta. Yana ba ni takaici, don galibi sensa ɗaya ce ko wayar at, wato wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, da ta yi tsatsa, ba a iya aunawa ba aka yanke wa mota hukunci. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wasu masu motocin suka fara neman a mayar musu da injekta.

Mai Hilux kuwa ka gaya masa gaskiya. Zai samu tashi da wuri a sanyin hunturu ba jan cok, silo, wato aikin inji idan mota na tsaye, zai daidaita, shan mai zai ragu, amma ba rabi ba, kuma kuɗin aikin ba kaɗan ba ne. In ringi sun ci ko bawul na zubar da iska, injekta ba za ta gyara su ba. Don haka kafin a kwance ƙusa ɗaya, ɗauko gejin kwamfireshan ka cire filogi huɗun nan mu auna. Idan silinda ɗaya ta faɗi ƙasa da 'yan'uwanta sosai, aikin inji za mu fara yi masa.