Ginin tunawa da Juárez ba kabarinsa ba ne

Ɗan'uwa, ka tambaya ko farin ginin nan da ke lambun Alameda a Birnin Meksiko kabarin Benito Juárez, tsohon shugaban ƙasar Meksiko, ne, kuma ko ya kai a je a gani. Ba kabari ba ne. An binne shi a maƙabartar San Fernando, wadda da ƙafa ma za ka isa daga wurin. Wannan ginin tunawa ne kawai, sunansa Hemiciclo a Juárez.

Lokacin da aiki yake kai ni birnin, na sha bi ta gabansa. Ka je da sassafe, kafin masu talla da masu hoto su cika wurin. Ginshiƙai ne na farin dutsen marmara da aka kawo daga Carrara ta Italiya, an jera su rabin da'ira kamar jinjirin wata, irin ginin Girkawan dā, ba ado mai yawa a kansu. A tsakiya Juárez na zaune a can sama, da siffofin mata biyu tare da shi: ɗaya tana ɗora masa kambin ganye a ka, ɗayar tana riƙe da tocilan wuta. A ƙasa akwai zakuna biyu. Guillermo de Heredia ne ya zana ginin, wani Ba'italiye mai suna Lazzerini ya sassaƙa siffofin.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ya sa aka gina shi. Porfirio Díaz ne, mutumin da ya yi wa Juárez tawaye a 1871 saboda Juárez ya sake tsayawa takarar shugabancin ƙasa. Juárez ya rasu a 1872, Díaz ya hau mulki daga baya ya kwashe kusan shekara 30 a kai. Sai a Satumbar 1910, lokacin bikin cika shekara 100 da fara yaƙin neman 'yancin Meksiko daga Sifaniya, ya buɗe wannan gini da sunan tsohon abokin hamayyarsa. Bayan wata biyu juyin juya hali ya ɓarke, a 1911 Díaz ya sauka ya tafi gudun hijira Faransa.

Ni dai ina ganin ginin ya fi nuna Díaz fiye da Juárez. Juárez ɗan ƙabilar Zapotec ne daga ƙauyen Guelatao na jihar Oaxaca, maraya, yana yaro ko Sifaniyanci bai iya ba, kuma shi ya jagoranci gwagwarmaya da sojojin Faransa da suka mamaye ƙasar. Amma komai na ginin Turai yake kallo, domin son Turai ne halin gwamnatin Díaz.

Kafin a gina shi, wata rumfar ƙarfe mai ado irin na Andalus ce a wurin, aka kwashe ta zuwa unguwar Santa María la Ribera, tana nan har yau. In ka tarar an kewaye ginin da shingen ƙarfe, kada ka yi mamaki, masu zanga-zanga sun saba haɗuwa a nan. Ta tashar jirgin ƙasa ta Bellas Artes za ka fi saurin isa.