Ta Kamu Da Son Jarumina, Ba Ta San Ni Mace Ba Ce

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce, shekaruna 23, ina karatu a jami'a. Yayana ne ya koya mini wani wasan intanet da ake yi a waya, irin wanda mutum ke ƙera jaruminsa da kansa, ya ba shi suna da sutura da makami, ya shiga duniyar almara tare da dubban mutane ana yaƙar dodanni. Da farko mace na ƙera, amma ban ji da daɗi ba. Wannan ya ce in turo hoto, wancan ya turo maganar da bakina ba zai iya maimaitawa ba. In mun ci yaƙi a ce goya ni aka yi, in mun faɗi a ce ai dama da mace a cikinmu. Sai na goge ta, na ƙera wani ƙato mai gemu da gatari. Tun daga ranar na samu lafiya, har shawarata ake nema kafin a shiga kogo.

A ƙungiyarmu akwai wata mai warkarwa, ita ke tsayawa bayana tana mayar mini da ƙarfi idan dodo ya sare ni. Muka shaƙu, hira ta koma manhajar hira ta Discord. Lokacin da mahaifinta ya rasu ni ta fara gaya wa, na yi ta rarrashinta har asuba. A cikin kwanakin ne ta tambaye ni ko da gaske ni namiji ne, na ce eh. Daga baya ta sa kuɗinta ta saya wa jarumina doki. Yanzu ta ce tana sona, tana so a ɗaura wa jarumanmu aure a cikin wasan, 'yan ƙungiya har sun fara tsokanarmu da ango da amarya. Kullum sai ta roƙi in kira ta, ni kuma in ce wayata ce ba ta ɗaukar murya. Anti, ni ƙawa na ɗauke ta, kuma ba na so in rasa ta. Barci ya gagare ni. In goge wasan in ɓace kawai? Kuma zaman da nake yi a jikin namiji laifi ne?

'Yarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki ɓace. Yarinyar da ba ta gama share hawayen mahaifinta ba, ta wayi gari wanda ta jingina da shi ya yi ɓatan dabo, za ta yi ta tuhumar kanta ne tana neman abin da ta yi masa. Ɓacewa ke kaɗai za ta hutar.

Gemu da gatarin ba su dame ni ba. Kin san tashen Mairama da Daudu, inda yarinya ke saka rigar maza da hula ta zama Daudu, ana bi gida-gida a watan azumi. Babu matar gidan da ta taɓa cewa an yaudare ta, domin kowa ya san wasa ake yi. Haka masu waɗannan wasanni suka ɗauki jarumi. Wani mai bincike a Amurka, Nick Yee, ya shafe shekaru yana tambayar masu buga irin su EverQuest da World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, ya gano cewa maza sun fi mata yawan sauya jinsi a wasa nesa ba kusa ba, har kusan rabin jarumai mata maza ne ke riƙe da su. Ke kuma dalilinki ya fi na da yawa ƙarfi: tsira kika nema daga marasa kunya. Abin da suka yi miki cin zarafi ne, kuma raina ya ɓaci da na karanta. Yarinya ta shiga wasa don ta huta, sai ta ɓoye kanta kafin a saurari shawararta! Idan hukuncin addini kan kamanceceniya da maza ne ke ci miki rai, ki kai wa malamar Islamiyyarku, ki yi mata bayanin yadda wasan yake dalla-dalla, kada ki taƙaita.

Inda ƙafarki ta zame shi ne wannan "eh" ɗin. A lokacin nan ba jaruminki ta tambaya ba, ke ta tambaya, a wajen wasa, tana cikin makoki. Daga nan duk abin da ta gina, a kan maganarki ta gina shi, har da kuɗin dokin. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Na san ba da mugun nufi kika yi ba, tsoro ne ya kama ki, amma ciwon da za ta ji bai san niyyarki ba.

Auren wasan kuwa, kada ki raina shi, kada kuma ki yarda a yi. Wasanni da dama suna da shi. Ragnarok Online na Koriya ya daɗe da shi, Final Fantasy XIV ya shigo da nasa bikin a 2014, da zobe da ɗakin taro da baƙi, kuma bai ma damu da jinsin jaruman ba. Wasu don kayan da ake samu suke yi, su yi dariya su watse. Ita ba don haka take so ba, ta riga ta faɗa miki da bakinta. Ranar da kika tsaya a gaban 'yan ƙungiya kika amsa, kin ƙara wa ƙaryar shaidu.

Ki rubuta mata a keɓe, cikin makon nan, a lokacin da kika san tana gida ba tsakiyar yaƙi ba. Jimlar farko ta zama ita ce gaskiyar: ni mace ce, da kika tambaye ni na yi miki ƙarya. Sannan dalili, a gajarce, ba tare da wanke kai ba. Ki gaya mata rarrashin da kika yi mata daga zuciyarki ya fito, domin wannan ne abin da za ta fara shakka. Ki fito fili kuma ki ce soyayya irin wadda take nufi babu ita a wajenki, kada ki bar mata ƙofa don tausayi. Dokin ki mayar, in wasan bai yarda a mayar ba ki biya ta kwatankwacinsa da kayan cikin wasan.

Abu ɗaya nake so ki riƙe da kyau. Ke ma ba ki taɓa ganin ta ba. Mai yiwuwa yadda ta faɗa ɗin take, amma tun da ke kin iya zama ƙato mai gemu, kowa ma zai iya zama kowa. Idan ta ce sai kin tabbatar mata, gajeren saƙon murya ya isa. Banda hoto, banda bidiyo, banda sunan makarantarku ko unguwarku. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 daga Najeriya saboda masu yaudarar mutane su karɓi hotunan tsiraici, su dawo suna barazana da neman kuɗi. Wanda ransa ya ɓaci ma yana iya yaɗa abin da ke hannunsa.

Tana iya zaginki, tana iya rufe ki gaba ɗaya. In ta yi, ki ƙyale ta, kada ki buɗe wani sabon suna ki bi ta. Ki bar mata zaɓin abin da za a gaya wa 'yan ƙungiya, tun da ita ake tsokana da amarya, kunyar a kanta za ta fi sauka. In zama tare ya gagara, ke ce za ki tashi ki nemi wata ƙungiyar.

Jaruminki ki ci gaba da abinki da shi idan ranki ya kwanta. Duk wanda ya sake tambayarki ko ke wace ce, ki ce ba kya maganar kanki a wasa. In ya matsa, ki rufe shi ki kai ƙararsa wurin masu kula da wasan.

Antinki