Ina kuɗin ɗinkin suke shiga, Maigida?

Jiya da daddare muna rufe shago ka ce da ni: "Maigida, wata uku ke nan da ka ba ni keken ɗinki ina karɓar aikin kaina. Aiki na zuwa, kuɗi na shigowa, amma ƙarshen wata ko na zare ba na gani. Kuma in aka tambaye ni nawa ne ɗinki, sai bakina ya yi nauyi." Na ce ka bari sai da safe, don ba maganar tsaye ba ce. To jawo benci ka zauna.

Abu biyu ka tambaya, amma ciwon ɗaya ne. Bakinka na nauyi ne saboda kai kanka ba ka san nawa kaftani ɗaya ke ci maka ba. Wanda bai san abin da ya kashe ba, ko nawa aka taya masa gani zai yi alfarma aka yi masa.

Dubi kaftanin nan da ke rataye. A ce dubu takwas kuka yanke. Zare da maɓalli da gam ɗin wuya, ba kyauta ake ba mu a Ƙofar Wambai ba, kuma ba a ƙafa ka je ba, ka biya ɗan sahu zuwa da dawowa. Mai aikin kwamfuta ya yi maka adon wuyan rigar, ya karɓi nasa. Ga gawayin guga, ga man janareto tunda wuta sai ta ga dama, ga allurar da ka karya shekaranjiya kana tsammanin ban gani ba. Hayar shago ma, yau ba ka biya, amma ranar da na yaye ka za ka biya, don haka fara saka ta a lissafi tun yanzu. Kana tarawa sai ka ga dubu biyar ta tafi. Ukun da ta rage ita ce ladan wuni biyunka a kan keke. Kai kuwa da ka ji alat ɗin dubu takwas, sai ka sa kati, ka ci tsire, ka miƙa wa ƙanenka wani abu. Uwar kuɗi kake ci, kana ce mata riba.

Kafin alƙalami ya fi wannan haɗari, domin shi ba ma naka ba ne sai ranar da mai kaya ya sa rigarsa ya ce ta yi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ni ma da furfurata na sha wannan a 2023. Na karɓi ɗinkunan babbar Sallah da wuri, muka yanke farashi, na taɓa kuɗin na gyara rufin gida. Ranar 29 ga Mayu aka ce an cire tallafin mai. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, Sallah kuma saura wata guda, ga dare ana kwana kan janareto. Ba dama in koma in ce a ƙara, magana ta riga ta fita. Haka na ɗinka su da kuɗin aljihuna, ragon da na yi niyya ya koma ɗan akuya. Tun daga nan, in aiki zai kwana biyu a hannuna, nakan faɗa wa mai shi tun farko cewa kuɗin kayan haɗi na ranar saye ne.

Yau ka sayi littafi na makaranta, irin mai layi. Kowane aiki layinsa: sunan mai kaya, abin da aka yanke, abin da ya bayar, abin da ya rage, ranar karɓa. A shafin da ke kallonsa, duk abin da ya fita, ko naira hamsin ce ta ruwan leda. Da boko ko da ajami, wanda hannunka ya fi sakewa. Kar ka ce wayarka na riƙe maka. Waya na nuna abin da ya shiga asusu ne kawai, ba ta san na wane ne ba. Asusun ma ka raba biyu, na shago daban, na aljihunka daban. Duk Juma'a ka yanka wa kanka albashi daga na shago, in ya ƙare ranar Talata ka yi haƙuri, kamar yadda kake yi lokacin da ni ke sallamarka.

In ka yi wata guda a haka, za ka ga bakin ya sake da kansa. Mutum ya taya ƙasa da abin da littafi ya ce, ka dube shi da fara'a ka ce "albarka". Ba rashin kunya ba ne, duk 'yan Kwari haka suke yi, kuma gobe a gaisa. In ya tafi, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Inda za ka sha wuya shi ne 'yan uwa da abokai. Wanda ka yi niyyar yi wa kyauta, yi masa don Allah ka rubuta "kyauta". Amma "zan turo maka anjima" bashi ne, ka rubuta shi a gabansa, yana kallo. Rubutun nan kaɗai kan sa wasu su laluba aljihu.

Sai ka tuna azumi ba ya shekara. Bayan Sallah shagon nan ƙuda kaɗai ke shigowa sai an fara bukukuwa. Abin da ka samu a rububi shi zai riƙe ka a lokacin. Adashen da muke yi a layin nan, zan yi magana a sa ka rabin hannu, ka nemi kwasarka ta faɗo dab da yaye, ta zama kuɗin kekenka. Bashin nan na waya da ake turo muku saƙonsa kuwa, kar in ji, kar in gani.

Tashi ka hura gawayi, mai kaftanin nan ya ce bayan azahar zai zo, kuma da sauran dubu uku a wurinsa. Kai za ka tambaye shi, ni ba zan sa baki ba.