Hukuncin Karanta Littattafan Isaac Asimov da Barin Su a Hannun Ɗalibai

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare. Tun ina jami'a nake karanta littattafan wani Ba'amurke, Isaac Asimov, mai rubuta ƙagaggun labaran kimiyya, irin na mutum-mutumi da tafiya tsakanin taurari. Na karanta maƙalunsa ma, inda yake faɗin ra'ayinsa a kan ilimi da rayuwa. Na san bai yarda da Allah ba, bai yarda da lahira ba. Amma yadda yake cewa kimiyya tana karɓar kuskurenta ta gyara yana burge ni, abin da ban cika gani a wurin malamanmu ba, Malam ya yi mini afuwa. Wani abokina ya ce duk ƙagaggen labari ƙarya ne, karanta shi haramun ne, balle na kafiri. Shin haka ne? Don na zuba littattafan a kabad ɗin ajinmu, yara 'yan aji uku da huɗu suna ɗauka suna karantawa.

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Malam, abin da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka kamar ba komai ba, wato kabad ɗin aji, shi ne ya canja hukuncin. Da kai kaɗai kake karatunka a ɗakinka, da amsar ba ta wuce layi biyar ba. Amma bari mu fara sallamar abokinka, domin maganarsa ta yaɗu a bakin matasa masu kishin addini, kuma ba daidai ba ce.

Ƙaryar da shari'a ta haramta ita ce ka faɗa wa mutum abu saɓanin yadda yake, don ya ɗauka haka yake. Mai rubuta ƙagaggen labari bai ce abin ya faru ba, mai karantawa ma bai ɗauka ya faru ba. To wa aka yaudara? Babu yaron da ya taɓa tashi daga gaban kakarsa bayan ta ce ƙurunƙus ya tafi neman gidan Gizo. Hadisin da suke kafa hujja da shi, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa bone ya tabbata ga mai ba da labari yana ƙarya don ya ba mutane dariya, yana magana ne a kan wanda zai zauna a majalisa ya ce "jiya na ga kaza" alhali bai gani ba, ko ya rataya wa wani sananne abin da bai yi ba. Wannan haramun ne, ba mu da ja. Amma ba shi ake tambaya ba.

Kuma abin mamaki, da yawa daga masu wannan tsanani a cikin Maƙamatul Hariri suka koyi Larabci, ko su ko malamansu. Maƙamai hamsin ne na ƙagaggun labarai, gwarzonsu Abu Zaid Assaruji tsohon mayaudari ne mai zaƙin baki, yau ya fito a mai wa'azi gobe a almajiri. Hariri ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, kuma tun a gabatarwar littafin ya hango masu irin wannan suka, ya ce labaransa kamar tatsuniyoyin da ake sakawa a bakin dabbobi ne, ba a taɓa jin wanda ya ɗora wa masu ruwaito su zunubi ba. Ɗaruruwan shekaru ana karantar da littafin nan a zaurukan Kano da Zariya da Katsina, a gaban malaman da suka fi mu tsoron Allah. Ibnu Hajar Alhaitami, a cikin Tuhfatul Muhtaj, ya faɗa ƙarara cewa ya halatta a saurari labarin da aka tabbatar bai faru ba, in an nufi buga misali da wa'azi da koyar da hali irin jarunta, ko a bakin mutane aka sa shi ko a bakin dabbobi. Ga kuma Ibnun Nafis, likitan Alƙahira, malamin fiƙihun Shafi'iyya, wanda ya yi bayanin yadda jini ke bi ta huhu, ya rasu a 1288 Miladiyya. Ya ƙagi labarin wani mutum, Kamil, da ya samu kansa a tsibiri ba uwa ba uba, ya yi ta lura da halitta har hankalinsa ya kai shi ga Mahalicci da bukatar annabawa, labarin ya ƙare da tashin ƙiyama. In ana neman kakan irin rubutun da kake karantawa, ba za a tsallake wannan ba.

Za su ce: ai waɗancan don wa'azi aka yi su, na yanzu kuwa don nishaɗi. To da faɗin haka sun bar maganar ƙarya ke nan, sun koma maganar abin da labarin ya ƙunsa da abin da aka nufa da shi, wanda can muke tun farko. Nishaɗi kuwa halal ne matuƙar bai ci lokacin wajibi ba. Wanda ya bar ƙagaggun labarai don tsantseni, Allah ya ba shi lada. Amma tsantsenin mutum ba ya zama haramci a kan jama'a.

Zancen cewa marubucin kafiri ne ba ya bukatar tsayawa: an haɗu a kan halaccin ɗaukar ilimin duniya daga wanda ba Musulmi ba, kuma manhajar da kake koyarwa ma daga hannunsu akasarinta ta zo.

Yanzu mu zo kan mutumin. An haifi Asimov a Rasha a 1920 cikin dangin Yahudawa, aka kai shi Amurka yana ɗan shekara uku. Ya yi digirin digirgir a ilimin sinadarai a jami'ar Columbia a 1948, ya koyar a makarantar likitanci ta jami'ar Boston, ya rubuta ko ya shirya littattafai wajen ɗari biyar, ya mutu a 1992. Daga 1985 har mutuwarsa shi ne shugaban wata ƙungiya a Amurka da ke cewa ɗan Adam ya ishi kansa, ba ya bukatar wahayi. Ke nan ba marubuci ne kawai da ilhadinsa, wato musun samuwar Allah, ya tsaya a zuciyarsa ba. Mai kira ne gare shi. Don haka rubutunsa ba ya ɗaukar hukunci guda. Littattafansa na bayanin kimiyya zalla, na taurari da jikin mutum da sinadarai, ba komai a cikin mafi yawansu, kuma ya iya bayani ƙwarai, wannan a ba shi. Yana da wasu 'yan littattafai na waƙoƙin batsa, waɗannan ba sa bukatar fatawa. Wurin lura shi ne labaran da maƙalun.

Kada ka ɗauka labaran ba su da aƙida. A cikin Foundation, littafin da ya fito a 1951, wasu masana ne a ƙaramar duniya da ke gefen taurari, maƙwabta masu ƙarfi sun kewaye su. Sai suka naɗe iliminsu na nukiliya a cikin rigar addini, suka horar da limamai masu danna na'ura ba tare da sun san yadda take aiki ba, suka mallake maƙwabtan da haka. Me ɗan shekara goma sha huɗu zai fita da shi daga nan, in ba cewa addini dabara ce da masu wayo ke juya jahilai da ita ba? Gajeren labarinsa na 1956, The Last Question, wanda shi da kansa ya ce ya fi so a duk labaransa, ya fi wannan nisa. Mutane suna ta tambayar wata babbar kwamfuta, zamani bayan zamani, ko akwai yadda za a hana taurari ƙonewa su mutu, tana cewa bayanai ba su isa ba tukuna. Bayan komai ya mutu ta gano amsar, sai ta ce haske ya kasance, haske kuwa ya kasance. Kalmomin daga farkon Attaurar da ke hannun Yahudawa ya ɗauko su, ya sa a bakin na'urar da ɗan Adam ya ƙera. Subhanallahi amma yasifun. Babba mai ilimi zai gane wasan da aka yi. Yaro kuwa tsikar jikinsa ce za ta tashi, ba tare da ya san abin da ya shige shi ba.

Ga wani abu da nake so ka riƙe. A 1982 Asimov ya bayyana cewa shi mulhidi ne, ya kuma yarda a cikin maganar tasa cewa ba shi da hujjar da zai tabbatar babu Allah, zato ne mai ƙarfi da abin da zuciyarsa ta karkata gare shi. Mutumin da ya shekara yana koya wa jama'a kada su karɓi magana ba hujja, a mas'alar da ta fi kowace girma, da zato ya tafi. Ban faɗi haka don izgili ba. Ya fi mabiyansa da yawa gaskiya a nan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya siffanta wannan cuta a cikin Almunƙizu Minad Dalal: ɗalibi zai ga ƙwarewar masana falsafa a lissafi, yadda hujjarsu ke fita fes, sai ya ce mutanen da suka kai haka ba za su ɓata a sha'anin Ubangiji ba, ya bi su a kan kafirci da taƙalidi tsantsa. Alhali gwani a wata sana'a ba dole ne ya zama gwani a kowace ba. Iya bayanin sinadarai bai ba Asimov ko taku ɗaya na sanin abin da ke bayan kabari ba. Hatta dokokin nan uku da ya tsara wa mutum-mutuminsa a 1942, ta farko ita ce kada ya cutar da ɗan Adam. A wane ɗakin gwaji aka auna cewa cutar da mutum mugun abu ne? Gado ya tarar, ya ɗauka, bai tambayi inda aka samo shi ba.

Maganar da ta burge ka kuwa, ba ka bukatar neman afuwa. Asimov yana da maƙala sananniya inda ya ce masu cewa ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce sun yi kuskure, masu cewa ƙwallo ce cif su ma sun yi, tunda ta ɗan kumbura a tsakiya da kimanin kilomita 43, amma kuskuren biyu ba ɗaya ba ne, ilimi yana matsawa kusa da daidai ne a hankali. Wannan magana ce mai kyau a fagenta, fagen abin da ake aunawa. Sai dai ka zalunci malamai da ka yi musu jam'u. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambaya 48, ya ce "ban sani ba" a 32. Imam Shafi'i yana da tsohuwar magana ta Iraƙi da sabuwa ta Masar, ya janye daga waccan a fili. In kana nufin masu wa'azin da ke hawa mumbari su ƙaryata abin da aka auna aka gani, to Gazali ya riga ka kuka da su: ya kira irinsu jahilin masoyin Musulunci, ya ce mai musun lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini ɓarna yake yi wa addinin. Ibnu Hazmi tun ƙarni na biyar na Hijira ya kafa hujja da ayar Suratuz Zumar a kan cewa ƙasa mulmulalliya ce. Ina jin tsoron kada ya zama ka gwada marubucin da ya fi kowa iya bayani a cikinsu da wanda ya fi kowa rauni a cikinmu.

Hukunci a kanka: ya halatta ka karanta, matuƙar kana rarrabe inda yake faɗin abin da aka auna da inda yake faɗin son ransa. Wannan ita ce rarrabewar da Ibnu Hajar Al'asƙalani ya yi a Fathul Bari game da duba littattafan Ahlul Kitabi, tsakanin wanda ƙafarsa ta kafu da wanda ba ta kafu ba. Hukunci a kan kabad ɗin: bai halatta ka bar su haka a cakuɗe ba. Yaran nan amana ce, iyayensu sun kawo su ka koya musu kimiyya ne. Gazali ya ce bai kamata gardi ya riƙe maciji a gaban ƙaramin ɗansa ba, don yaron zai kai hannu yana zaton shi ma ya iya. Ka tace. Na bayanin kimiyya su zauna. Labaran mutum-mutumi da ka karanta daga farko har ƙarshe ba ka ga aibu ba, su ma su zauna. Maƙalunsa a kan addini da tarihin rayuwarsa da labaran nan biyu da makamantansu ka mayar gida. Wasu daga littattafansa na baya-baya suna da zancen jima'i a fili, ka duba wannan ma.

Kada ka kwashe su da shela, kana cewa an gano haramun ne. Gobe duk sai sun nemo su a waya. Ka janye su a hankali, ka bincika wa ya riga ya karanta me, ka zauna da shi ku tattauna, ka bar shi ya yi tambaya ba tare da ka zare masa ido ba. Yaron da aka ce masa "yi shiru, kafirci ne" bai daina tambayar ba, wurin da yake kai ta kawai ya canja.

Kai ma ina da tambaya gare ka, ba sai ka aiko mini da amsa ba. Tun daga jami'a kake tare da Asimov. A tsawon wannan lokaci littafin aƙida nawa ka sauke a gaban malami? Da yawa daga 'yan bokonmu kimiyyarsu ta digiri ce, tauhidinsu kuwa yana nan inda suka baro shi a Islamiyya, sannan su yi mamakin wanne ke rinjaye. Ka nemi Almunƙiz, ƙaramin littafi ne, ka karanta shi da wanda ya san shi. In wani tunani yana faɗo maka kana ƙin sa, waswasi ne, Annabi (SAW) ya ce ƙin nasa shi ne tsantsar imani, ka nemi tsari ka wuce. In kuwa ya zauna, ka fara jin nauyin salla ko kana jin daɗin a soki addini, to halaccin da na faɗa ya ɗauke a kanka har sai ka warke, ka rufe littattafan ka nemi malami ido da ido, ba ta saƙon waya ba.

Tunda yaranka suna son irin wannan karatu, kuma kai ka san kimiyya, me ya hana ka rubuta musu da Hausa? Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, fagen kuma har yau ba a cika shi ba. Sharaɗi dai kada ka sa annabi ko mala'ika ko sahabi a cikin ƙagaggen labari, kada kuma ka ƙaga wa gaibu abin da nassi bai faɗa ba.

Wallahu a'alam.