Yadda za ka yi atisayen tambayoyin auna hujja na GMAT

Ɗan'uwa, ka ce kana neman gurbin digiri na biyu a fannin kasuwanci a Amurka, amma tambayoyin auna hujja na GMAT, jarrabawar shiga irin wannan karatu, suna kayar da kai duk da ka iya Turanci. Matsalar ba ta Turanci ba ce.

Sashen harshe, inda irin waɗannan tambayoyi suke, tambayoyi 23 ne cikin minti 45, wato kusan minti biyu kowace tambaya. Amma ajiye agogo tukuna. Fara karanta abin da aka tambaya, sannan ka ware matsayar marubucin daga dalilansa. Misali: kamfani ya rage farashi, ciniki ya ƙaru, don haka ragin ne ya jawo. Me ya ɗauka bai faɗa ba? Cewa babu wani sanadi, kamar rufewar shagon abokin hamayya. A irin wannan tambaya, idan kana shakkar wani zaɓi daga cikin amsoshin da aka jera, ƙaryata shi. In hujjar ta rushe, shi ne ginshiƙinta.

Ni dai na fi yarda da tsofaffin tambayoyin GMAC, masu shirya jarrabawar. Yi goma kullum, ka rubuta dalilin da ya sa kowace ɗaya daga cikin amsoshi huɗu da ka watsar ba daidai ba ce, har a waɗanda ka ci.