Tambayi Likita: Shin man kifi zai iya maye gurbin maganin taɓin hankali?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena mai shekara 19 ya fara jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, ya daina wanka, yana kuma zargin ana zuba masa guba a abinci. A asibiti an ce sikizofireniya ce, wani nau'in taɓin hankali, aka rubuta masa maganin risperidone, amma wani mai kemis ya ce tunda ciwon bai yi nisa ba, mu fara da ƙwayoyin man kifi da bitamin. Mene ne shawararka? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kada ku ajiye maganin da aka rubuta masa.

Maganar man kifi tana da tushe. A shekarar 2010 an wallafa wani bincike da aka yi a Biyana ta ƙasar Ostiriya kan matasa 81 da suka fara nuna alamu amma ciwon bai kama su sosai ba. An ba rabinsu sinadarin omega-3 da ake samu a man kifi na tsawon mako 12, kuma bayan shekara guda biyu ne kacal cikin 41 suka kamu, alhali a ɓangaren da ba a ba su sinadarin ba mutum 11 ne cikin 40. Sai dai da aka maimaita gwajin a ƙasashe da dama kan mutum 304, sakamakon da ya fito a 2017 bai nuna wani bambanci ba. Haka gwajin bitamin D da aka yi a Ingila ya ƙare.

Abin lura shi ne ƙanenki ya wuce matakin waɗancan matasan, domin wanda yake jin muryoyi har yana gudun abincin gidansu ciwon ya riga ya bayyana a gare shi, kuma an daɗe da sanin cewa yawan jinkirin fara magani yana sa samun sauƙi ya yi wuya. Wannan jinkirin ne yake damuna ƙwarai, don iyalai da yawa ba sa zuwa asibiti sai bayan an kwashe watanni ana gwaje-gwaje a gida.

Idan likitansa ya amince, babu laifi ya haɗa da man kifi, ko kuma a riƙa sa masa kifi da ganye da wake a abinci, musamman da yake risperidone na iya sa ƙiba. In maganin yana sa shi yawan barci ko sandarewar jiki, ku koma a daidaita masa, kada ku tsayar da kanku.