"Apply for" ko "apply to"? Amsa ga mai neman aiki daga Maraɗi

Wani matashi daga unguwar Zariya a Maraɗi, wanda ya kammala karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ya rubuto yana cewa: "Malam, zan aika wa wata ƙungiyar agaji takardar neman aiki da Ingilishi, amma na rasa abin da zan sa bayan apply, shin for ne ko to?"

Ɗana, tambayarka ta zo a kan gaɓa, domin kundin tafiyar da mulki da aka ƙaddamar a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Mu fara daga gida. Aikatau "nema" ba ya buƙatar wata ƙaramar kalma tsakaninsa da abin da ake so, shi ya sa muke cewa "na nemi aiki" kai tsaye. Da zarar ka ce "na nema wa Audu aiki", ko "na nema ma Audu" kamar yadda mutanen Maraɗi da Gobir ke faɗa, to aikin ya tashi daga hannunka ya koma na Audu. Ka ga harafi biyu kacal sun canza mai cin moriyar.

Haka Ingilishi yake, sai dai shi ba ya yarda a bar gurbin babu komai. Abin da kake so ka samu, wato aikin ko muƙamin, shi ne ke bin for, kamar a "apply for the post of driver". Wanda zai karɓi takardar kuwa, hukuma ce ko kamfani, shi ne ke bin to, daidai da "ga" ɗinmu a "na miƙa takarda ga hukuma". Kana iya haɗa su a jimla guda: "I am applying to your organisation for the post of accountant."

Ina zargin Faransanci ne ya rikita ka, domin wanda ya saba da "postuler à un poste" hannunsa zai ja shi ya rubuta "apply to a job". Ana jin wannan a bakin wasu Amurkawa, amma ban ba ka shawarar sa shi a wasiƙar ofis ba, inda mai tace takardu ke iya ɗaukarsa kuskure. In za ka ambaci wurin aikin, "at" ake sa wa ofis ko kamfani, idan kuma gari ne, kamar Maraɗi ko Katsina, sai ka sa "in" na Ingilishi.